Yadda ake hure wa 'yan mata kunne, da abin da ke buɗe ƙofar tun daga gida

A watan Maris na 2015, wasu ɗaliban likitanci da sababbin likitoci su tara, huɗu daga cikinsu mata, suka tashi daga Khartum zuwa Turkiyya, daga can suka tsallaka Siriya, yankin da ke hannun ƙungiyar Da'ish (ISIS) a lokacin. Yawancinsu daga jami'ar kimiyyar likitanci ta UMST suke, ɗaya daga cikin jami'o'in kuɗi mafiya tsada a Sudan, kuma 'ya'yan likitoci ne da manyan ma'aikata mazauna Ingila, waɗanda suka turo su gida don su yi karatu a cikin Musulmi su san al'adar iyayensu. Iyayen suka bi su har bakin iyakar Turkiyya suna roƙo, ba su dawo da su ba. A watan Yuni na shekarar, wasu 12 suka sake bin sahunsu. Abin da aka gaya musu shi ne za su je su yi jinyar waɗanda yaƙi ya raunata.

Na fara da wannan ne saboda maganar da ake yawan yi a zaurukanmu mu Hausawan Sudan, daga Gadarif zuwa Kasala zuwa Mai Wurno, duk lokacin da aka ji labarin yarinyar da wani ya janye: ai jahilci ne, ai talauci ne, ai rashin tarbiyya ne. Waɗancan 'yan mata ba jahilai ba ne, ba su san yunwa ba, kuma ba wanda ya shaide su da lalacewa. Haka ma 'yan matan nan uku da suka bar gabashin Landan zuwa Siriya a watan Fabrairu na 2015, biyu masu shekara 15, ɗaya mai 16, an shaide su da ƙoƙari a makarantarsu. Ɗaya daga cikinsu, Shamima Begum, an aurar da ita kwanaki kaɗan bayan isarta, ta haifi 'ya'ya uku duk suka mutu, sannan a 2019 Ingila ta ƙwace mata shaidar zama 'yar ƙasa. Wani bincike da cibiyar ICSR ta jami'ar King's College ta fitar a 2018 ya ƙidaya baƙi 41,490 daga ƙasashe 80 da suka shiga Da'ish a Iraƙi da Siriya. Mata 4,761 ne a cikinsu, ƙananan yara kuma 4,640. Wannan adadi ya fi ƙarfin a ce duk wawaye ne.

Wanda ke neman yarinya don lalata, da dillalin da ke yi mata alkawarin aiki a ƙasar waje, da wanda ke neman jan ta cikin ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayi, inda suke son kai ta ne ya bambanta. Hanyar kusan ɗaya ce. Babu wanda ke fara wa yarinya da maganar bam ko ta tsiraici. Da sauraro ake farawa. Mutumin yakan nemo abin da ta rasa, ya ba ta shi kyauta har ta saba, sannan ya fara karɓar kuɗinsa. Hausawa sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikinmu shi ne mu duba tsagar, ko da kuwa a bangon gidanmu take.

Tsakanin shekara 13 zuwa 18, yarinya tana cikin wani yanayi da ba ta taɓa shiga ba. Masana ƙwaƙwalwa sun nuna cewa ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abin da zai biyo bayan aiki ya kuma taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20, alhali ɓangaren da ke jin daɗin yabo da zafin wulaƙanci ya riga ya farka tun farkon balaga. Wannan ya shafi maza da mata duka. Bambancin yana cikin abin da gida ke yi. Ranar da yaro ya fara tasawa, duniyarsa buɗewa take yi: kasuwa, filin ƙwallo, majalisa, masallaci. Ranar da yarinya ta fara tasawa, tata duniyar tsukewa take yi. Uban da yake ɗora ta a cinya jiya, yau kunya ta shiga tsakaninsu, gaisuwa ce kawai da kai ruwa. Uwa kuma tsoro ya kama ta, sai maganarta ta koma umarni da kashedi: rufe jikinki, ina kika tsaya, wa kike wa dariya. In ta zama 'yar fari, ga wata kunyar a kan kunya. Idanu sun yi mata yawa, amma kunnen da zai ji ta babu. Tana da tambayoyi game da jikinta, game da Allah, game da dalilin da ya sa aka kashe mutanen garinsu ba wanda aka hukunta, kuma ta san in ta tambaya za a ce ta cika rawar kai.

A wannan gaɓar ake samunta. Ga yadda abin ya saba tafiya. Ta rubuta wani abu a Facebook ko ta sa wani ɗan bidiyo a TikTok, wataƙila addu'a ce ga waɗanda suka rasu, wataƙila ƙorafi ne a lulluɓe. Sai saƙo ya shigo ta bayan fage: "Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na ga abin da kika rubuta. Ban taɓa ganin mai shekarunki da irin wannan tunanin ba." Ba ta amsa ba. Bai matsa ba. Bayan kwana biyu: "Allah Ya sa lafiya, na ga kin yi shiru." Mako guda ana gaisuwa, yana tambayarta karatu, yana tuna sunan ƙanwarta da ba ta da lafiya, abin da mutanen gidan ma suka manta su tambaya. Ya tura mata kuɗin kati ta manhajar banki ta Bankak ba ta roƙa ba. Sannan wata rana da ta yi faɗa da mahaifiyarta ta gaya masa, sai ya ce: "Ki yi haƙuri da su, ba su kai su fahimce ki ba. Ni na fahimce ki." Kalma ce mai taushi, amma a nan aka ja layin farko tsakaninta da gidansu. Daga nan sai a bar dandalin da kowa ke gani a koma WhatsApp ko Telegram. Sai kuma roƙon farko, ɗan ƙarami: "Kada ki gaya wa kowa muna magana, za su ɓata abin."

Wannan roƙon shi ne ginshiƙin komai, kuma shi ya kamata iyaye su fi fahimta. Da zarar ta ɓoye abu ɗaya, ta zama mai laifi a idon kanta. Ya nemi hoto da mayafi, ta tura. Ya nemi wani ba mayafi, "ai aure za mu yi". Kowane mataki kaɗan ya ɗara na baya, har ba ta ganin inda ta tsallake iyaka. Ranar da ta so ja da baya, muryar ta canja: in kin daina, zan tura wa yayanki. A nan ne mu da kanmu muke shiga aikinsa ba mu sani ba. Ƙarfin barazanarsa daidai yake da tsananin abin da ta san za a yi mata a gida. In ta tabbata duka ne da tozarci da cire ta daga makaranta, to, ta gwammace ta ci gaba da bin umarninsa. Mutuncin gida da muke karewa da bulala shi ne igiyar da yake ɗaure ta da ita.

Masu jan mutane cikin ƙungiya sun fi haka wayo, domin su ba sa neman yarinya ta ji ta yi zunubi. So suke ta ji ta fi kowa tsarki. Sun fi son mai son addini, wadda ke tashi da asuba ba a tashe ta ba, wadda hoton gawar jariri ke hana ta barci. Kuma sau da yawa ba namiji ne ke fara magana da ita ba. Mace ce, "ukti", babbar yaya a wani zauren karatu na waya, mai haƙuri da tambaya, mai amsa ko da tsakar dare. Karatun farko babu abin zargi a cikinsa: tauhidi, hijabi, azkar. Sai a hankali a shigo da hotunan Musulmin da ake zalunta, waɗanda kuma gaskiya ne ana zaluntarsu, shi ya sa abin ke kamawa. Sai tambaya: ke me kika yi musu? Sai a fara rage mata mutanen da za ta amince da su. Malamin unguwa ɗan bidi'a ne. Malaman rediyo 'yan gwamnati ne. Mauludin da kakarta ke zuwa shirka ne. In aka kai ga cewa mahaifinta ma imaninsa da shakka, an gama, domin wanda aka cire daga Musulunci ba shi da walicci a kanta, sai ƙungiya ta naɗa mata wani waliyyin. Da'ish ta yi ta yaɗa cewa mace za ta iya yin hijira zuwa wurinsu ba muharrami kuma ba izinin iyaye. Abin da ba a gaya wa 'yan matan ba shi ne, wadda ta isa ba miji, a wani gidan tara mata ake kulle ta, kuma aure ne kawai ƙofar fita. In mijin ya mutu, ta koma gidan ta jira wani. Ƙarshen dubbansu shi ne sansanin Al-Hol a arewa maso gabashin Siriya, wanda a 2019 ya tara mutum fiye da 70,000, mafi yawansu mata da yara.

Ba duk abin ne ke bi ta waya ba, kuma 'yan'uwanmu na Najeriya sun fi kowa sanin haka. Bayan sace 'yan mata 276 a Chibok a watan Afrilu na 2014, Boko Haram ta fara ɗaura wa mata bam. Wani bincike na cibiyar yaƙi da ta'addanci ta West Point a Amurka ya ƙidaya 'yan ƙunar baƙin wake 434 da ƙungiyar ta tura daga 2011 zuwa tsakiyar 2017, aka tabbatar 244 mata ne. A watan Disamba na 2014 aka kama wata yarinya mai shekara 13 a Kano da bam a jikinta, bayan harin kasuwar Kantin Kwari. Ta ƙi tayar da nata, kuma ta shaida wa 'yan jarida cewa mahaifinta ne ya kai ta wurin ƙungiyar. Wannan ya isa ya nuna cewa mai hure kunne yana iya zama wanda ake ci a kwano ɗaya da shi. Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaci. A binciken da ƙungiyar Mercy Corps ta yi a 2016 da waɗanda suka fito daga Boko Haram, wasu matan sun ce abin da ya ja su shi ne damar karatun addini da matsayin da ba su samu a garuruwansu ba. Ƙungiyar da ke yanka mutane ta sayi zuciyar mace da allo da ɗan girmamawa. Ni a ganina wannan tuhuma ce a kan al'ummar da ta hana ta su tun farko.

To, mu a Sudan ina muke? Tun 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da dakarun RSF, duk abin da ke kare yarinya ya rushe lokaci guda. Mutum fiye da miliyan 12 sun bar gidajensu. A watan Oktoba na 2023 UNICEF ta ce yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta, makarantu da yawa kuma sun koma masaukin 'yan gudun hijira. Da birnin Madani ya faɗa hannun RSF a Disamba 2023, Sinja kuma a tsakiyar 2024, Gadarif da Kasala suka cika maƙil. Na ga aji ɗaya da iyalai da yawa suka raba da zannuwa da igiya, 'yan mata na jiran duhu ya yi kafin su zaga bayan gida, wata kuma mai kimanin shekara 14 tana zaune bakin ƙofar makarantar da tiren gyaɗa, wani mai babur ya tsaya ya saye duka tiren, ya ce ta riƙe canjin, ya tambaye ta sunanta. Ba ta yi laifin komai ba da ta yi murmushi. A ranar ita ta kawo abin da aka ci a bayan zanen nan, kuma uwarta ba za ta so ta yi tambaya da yawa ba.

A watan Maris na 2025, UNICEF ta ba da rahoton fyaɗe 221 da aka yi wa yara tun farkon 2024, kashi biyu cikin uku mata, kuma waɗannan su ne kawai suka kai ga masu ba da taimako. Ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi maganar mata da 'yan mata da aka sace aka tsare kamar bayi a yankunan da ke hannun RSF a Darfur. A irin wannan hali, in mai bindiga ya ce yana son yarinya da aure, ya kawo buhun gari da sukari, ya ce zai tsare gidan, kada wani ya ce ta yarda. Yarda tana bukatar a iya cewa a'a.

Akwai kuma tsagar da ta keɓanta da mu Hausawa. Kakanninmu sun zauna a ƙasar nan tun zamanin tafiya hajji a ƙasa, wasu kuma sun zo bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawan Ingila a 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin kogi. Duk da haka yarinyar da aka haifa a nan, aka haifi kakarta a nan, tana iya zuwa neman lambar zama 'yar ƙasa a tsare ta da tambayoyin da ba a yi wa ƙawarta. A watan Yuli na 2022 rikicin ƙabilanci tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a jihar Nilul Azraƙ ya ci rayuka fiye da 100, a Oktoba kuma aka kashe kimanin 200 a yankin Wad al-Mahi, dubbai suka gudu. 'Yan matanmu sun kalli bidiyoyin a waya, sun karanta zagin da aka yi ta yi mana a Facebook cewa mu baƙi ne. Yarinyar da aka gaya wa ba ta da ƙasa, duk wanda ya zo ya ce mata ga inda ake son ki, ga inda ba a tambayar ƙabila, ya sami rabin hanya. Kuma kada mu ɗauka tsattsauran ra'ayi sai na addini. Wanda ke koya mata cewa duk ɗan ƙabila kaza maƙiyi ne, jininsa ya halatta, hanya ɗaya yake bi da na Da'ish. Fushinta gaskiya ne, an zalunce mu. Tambayar ita ce wa zai zauna da ita a kan wannan fushin, mu ko shi.

Iyaye kan tambayi alamu. Sa niƙabi ba alama ba ce, yawan azumi ba alama ba ne, yin shiru a ɗaki ma halin shekarun ne. Abin lura shi ne yankewa: ta rabu da ƙawayen da ta taso da su gaba ɗaya, ta daina bin mahaifinta salla ko cin abincin wasu dangi, maganarta ta koma kamar hadda, da kalmomin da ba na gidan ba, ga kuɗi ko waya da ba a san mafarinsu ba, ga firgita duk lokacin da saƙo ya shigo. Ta fara tambayar inda takardunta suke. Ɗaya daga cikin waɗannan ba hujja ba ce. In sun taru, a matso kusa da ita.

Abin takaici, abin da muka saba yi shi ne akasin matsowa. A ƙwace waya, a yi duka, a kulle ƙofa, sannan a nemo miji da gaggawa. Wayar ƙawa tana nan, kuma duk abin da aka yi mata ya gaskata maganar mutumin cewa ba mai ƙaunarta sai shi. Aurar da ita kuwa, dokar iyali ta 1991 ta bar ƙofa a aurar da yarinya tun tana shekara 10 da izinin alƙali, kuma binciken ƙasa na 2014 ya nuna kusan mace ɗaya cikin uku an aurar da ita kafin ta cika 18. Yaƙi ya ƙara tura iyaye ga wannan, suna ganin kariya ce. Na fahimci tsoron uban da ke kwana a aji da 'ya'ya mata huɗu, ba na raina shi. Amma yarinyar da ta ji ana shirin ba da ita ga wanda ba ta so, ita ce ta fi kowa saurin bin wanda ya ce ta gudo. Kuma addinin da muke kafa hujja da shi bai ba mu wannan ba: a cikin Sahihul Bukhari, Khansa'u bint Khizam ta kai ƙara cewa mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, Manzon Allah (SAW) ya warware auren.

Abin da ke aiki ba baƙo ba ne a wurinmu. Kowace yarinya tana bukatar babba guda ɗaya, goggo ko inna ko yaya ko malama, wadda za ta iya gaya wa abu mafi muni ba tare da labarin ya zaga dangi kafin magariba ba. In uwa kunya ta hana ta, ta zaɓi wannan mutum da kanta ta ce wa 'yar: je ki wurin goggonki, abin da kuka yi magana tsakaninku ne. Tana bukatar karatun addini mai zurfi daga mace mai ilimi da ke karɓar tambaya mai wuya, har da ta jihadi da kafirta Musulmi da walicci, domin in ba a taɓa waɗannan babuka a halwa, wato makarantar allo, da islamiyya ba, a Telegram za ta fara jin su, daga bakin wanda ya yanke ayar daga abin da ke gabanta da bayanta. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi wannan tun ƙarni na 19, ta horar da malamai mata da ake kira jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata a tsarin 'yan taru, kuma jikokin mutanenta ne ke zaune a Mai Wurno. Tana kuma bukatar inda za ta kai tausayinta da fushinta su zama aiki. Takiyyoyin da ke dafa wa jama'a abinci da ɗakunan agajin gaggawa na unguwanni sun nuna abin da matasa ke iya yi. Yarinyar da ke rabon abinci ko koyar da ƙananan yara a masauki, an san sunanta, ana jiran ta gobe, ba ta da yunwar wanda zai ce mata tana da amfani.

Uba kuma akwai maganar da shi kaɗai zai iya faɗa, kuma gara ya faɗe ta tun ba abin da ya faru: "Ko me kika yi, ko me wani ya riƙe a kanki, ki zo ki gaya mini. Zan ji zafi, amma ba zan kore ki ba, kuma ni zan tsaya miki." Yarinyar da ta ji wannan ta kuma gaskata, barazanar hoto ba ta da kaifi a kanta.

In kuwa abin ya riga ya faru, kada a goge saƙonnin don kunya. A ɗauki hotonsu, da lambobin waya, da shaidar kuɗin da aka turo. Kada yayye su kira mutumin su yi masa barazana, domin zai watsa abin da ke hannunsa ko ya canja layi ya ɓace. Kada a biya shi, wanda aka biya sau ɗaya dawowa yake yi. A kai maganar sashen kare iyali da yara na 'yan sanda inda yake aiki, ko ga ma'aikatan kare yara da ke masaukin, a kuma kai rahoton shafin ga kamfanin da ke da dandalin. Sannan a tambayi yarinyar a hankali, ba a gaban taro ba, ko ta san wasu da yake magana da su. Irin waɗannan mutane ba sa bin yarinya ɗaya, kuma galibi ta hannun wadda suka kama suke samun lambar ƙawarta.